Madacin da Yaya Haruna Ya Busar

Da daminar bana yayana Malam Haruna ya cika shekara bakwai a ƙasa. Mutane kan ce idan aka daɗe zafin rashi kan huce, ya bar kewa kawai. Kewar tana nan, amma ba zan ɓoye wa masu karatu ba, tare da ita akwai haushi, kuma shi bai huce ba. Ina jin haushin 'ya'yansa, ina jin haushin kunyar da ta rufe bakin mutanen kirki, wani lokaci ma shi kansa marigayin nakan ji haushinsa, sai in tuna ba ya nan, in koma yi masa addu'a. Duk a kan jirgin ruwa guda ɗaya ne, wanda ya yi alkawarin ƙera wa ƙauyen su mahaifiyarmu. Ya tara masa kaya kamar mai shirin aurar da 'ya, amma har ya koma ga Ubangijinsa bai buga ƙusa ko ɗaya ba.

Mu biyu Inna ta haifa, shi da ni. Ita 'yar Kambari ce daga wani ƙauye can bayan Salka, aure ya kawo ta Kontagora. Tsakanin ƙauyen nasu da hanyar mota akwai kogi. Da rani mutum kan tattare wando ya wuce abinsa. Da damina sai ya cika ya batse, ya raba su da kasuwa da asibiti da makaranta, har da rabin gonakinsu. Ƙanin Inna, Kawu Magaji, shi ne mai fito a mashigin, da wani kwale-kwale na sassaƙa da ya gada wajen kakanmu. Tun muna yara muka san jirgin nan da faci. Da muka manyanta facin ya fi itacen yawa, kwano a kan kwano, kwalta a kan kwalta, kuma duk dajin yankin babu sauran itacen da ya yi kaurin da za a sassaƙa wani.

Shekarar da Yaya ya yi ritaya daga aikin malamin gona muka je gaishe su ana tsakiyar damina. Kafin mu raba kogin biyu ruwa ya rufe mana idon sawu a cikin jirgin. Wata mata da goyo a baya ta ɗauki ƙwarya tana kwasa tana zubarwa, tana ci gaba da hira da ta kusa da ita, alamar ta saba. Ni salati nake yi, shi kuwa Yaya yana ta kallon ƙasan jirgin. Da muka sauka sai ya durƙusa gaban Kawu ya ce, "Kawu, in Allah ya ba ni rai zan yi muku jirgi, na katako, irin na mutanen Yauri. Ba saya zan yi ba, da hannuna zan yi." Kawu ya ce Allah ya ba da iko. Ni dariya na yi, don na san mutumin nan ko kujera 'yar tsuguno bai taɓa haɗawa ba.

Ashe da gaske yake. Ya tattara ya tafi Yauri ya tare wajen kafintocin jirgi a bakin ruwa, yana miƙa musu guduma yana damun su da tambaya, ya dawo kansa cike da zancen itace. Matarsa Rabi ta saurara har ta gaji. 'Ya'yansa in suka ga ya gyara zama sai kowa ya tuna yana da aike. Ni kuwa a lokacin maigidana ya rasu, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, ba ni da wajen gudu. Haka na zama ɗalibarsa ban nema ba. Ni da na ƙare rayuwata ina koya wa 'yan firamare ƙari da ɗebewa, yau ga ni ina iya bambance katakon da zai zauna a ruwa da wanda zai yaudari mai shi.

Madaci ya ce yana so, ba wani ba, don shi ne ke jure ruwa, kuma ɗacinsa na korar ƙwaro. Neman itacen kaɗai ya cinye rani guda. A kai shi gindin madaci ƙato, ya ƙwanƙwasa da bayan gatari ya kasa kunne, ya ce akwai kogo a ciki. A kai shi wani, ya ce wannan a karkace ya tashi, in aka tsaga shi katakon zai murɗe. Mai babur ɗin da ke yawo da shi har ya fara ɓuya. Daga ƙarshe ya samu wanda ya kwanta masa a gonar wani dattijo a wajen Kumbashi, miƙaƙƙe, babu reshe sai can sama. Ya nemi izinin ma'aikatan daji, sannan ya ƙi a sare sai an shiga duhun wata, don tsofaffi sun ce itacen da aka sara da farin wata ƙwaro kan ci shi. Na ce masa, "Kai da ka yi boko, ka yarda da wannan?" Ya ce bai yarda ba, amma jiran bai rage shi da komai ba.

Masu injin tsaga ma sun sha fama. Su sun saba datsa gungume gajeru-gajeru don ya yi sauƙin ɗauka, shi kuwa ya tsaya a kansu ya ce katakon ƙasan jirgi ba ya son haɗi, daga goshi har wutsiya falle ɗaya ake so. Ya sa aka fere duk farin gefen nan na bayan ɓawo aka zubar, ya ce shi ne ke fara ruɓewa, jan ciki kawai zai ɗauka. Da motar ta iso unguwarmu katakon ya zarce bayanta sosai, sai da aka buɗe katangar baya kafin ya shiga gida. 'Yan unguwa suka fito kallo, ana tambayar ko Malam ya hango ruwan Ɗufana ne bai gaya wa kowa ba.

A bayan gida ya kafa doguwar rumfa, buɗe ta kowane gefe don iska. Ya jera duwatsu ya ɗora katakon a kai don kada ya taɓa ƙasa, ya zuba toka a kewaye saboda gara. Tsakanin kowane falle da na samansa ya sa 'yan sanduna, ya shafe bakunan da baƙin mai don kada su tsage, ya danne saman da manyan duwatsu. Rana ba ta ganinsa, ruwan sama ba ya taɓa shi. Lokaci-lokaci sai a sauke duka a juya a sake jerawa, kuma a nan ne nake shan aiki, don sai na riƙe masa sandunan yana ta gyara su kamar mai jera ƙwai. Da safe yakan kanga kuncinsa a jikin katakon. In ya ji sanyi sai ya girgiza kai ya ce da saura.

Dalilinsa ba na wasa ba ne, kuma har gobe ina iya maimaita shi. Busasshen katako in ya shiga ruwa kumbura yake yi, falle ya matse ɗan'uwansa, jirgi ya rufe bakinsa da kansa. Ɗanye kuwa ranar da aka haɗa shi ya fi kowane kyau, amma da rana ta doke shi sai ya ƙanƙance, ya ja baya, ƙofofi su buɗe a inda ido bai kai ba. Ƙusa ma bai ɗauke ta da sauƙi ba. Duk irin da ya samo sai ya jefa kaɗan a kwalbar ruwa ya ajiye, wadda ta yi tsatsa ya ce ta rufin kwano ce, a kai kasuwa. Sai wadda ta fito fes ya sa aka kawo masa da yawa. Haƙarƙarin jirgi, wato itatuwan da ke riƙe katakon daga ciki, ya ce ba a yanko su daga miƙaƙƙen itace, sai an samo reshen kirya da Allah ya halitta a lanƙwashe daidai da cikin jirgi. Ɗaya bayan ɗaya ya riƙa tsinto su a dazuzzuka, ya tara su a gefen rumfar. Ga auduga ta toshe tsaga, ga gwangwanayen kwalta, komai ya hallara.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Kawu bai taɓa aiko da tambaya ba. Sai dai bayan girbi ya turo ɗansa Bulus da buhun dawa, shi kuma bayan gaisuwa ya leƙa rumfa ya ce, "Yaya katako?" kamar mai tambayar lafiyar mara lafiya. Kafintan Yauri da Yaya ya fi yarda da shi ya zo da kansa ya duba, ya ce ai ya yi, a fara aiki. Yaya ya ce masu kaurin da za su zauna a ƙasa cikinsu bai gama ba. Ranar na kasa haƙuri na yi masa magana. Ya ce da ni, "Asabe, mutane za su hau shi da 'ya'yansu. Ba zan ɗora rai a kan 'ya isa haka' ba." Na ce, "Yaya, yanzu da kake jira, a kan ruɓaɓɓen jirgi ake ɗora ran." Sai ya tashi ya shiga gyaran sandunansa. Na san maganar ta shige shi, amma ba ta sa ya motsa ba. Sannu-sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, sai dai su ma sun ƙara da cewa a daɗe ba a je ba.

A rani na huɗu ya kira ni da fara'a ya ce ya bushe. Ya shirya da kafintan zai zo bayan girbi ya tsaya a kansa su haɗa. Ana cikin damina ya yanke jiki ya faɗi a hanyar masallaci. 'Yan kwanaki ya yi a asibiti, bakinsa ba ya fita, ya cika.

Ɓarnar farko a zaman makoki aka yi ta. Gida ya cika da baƙi, itacen girki ya jiƙe da ruwan sama, mata masu dafa abincin 'yan ta'aziyya suka zagaya baya suka tarar da tarin karkatattun itatuwa busassu a ƙarƙashin rumfa. Wa zai ga laifinsu? Duk wanda ya kalli reshen kirya a lanƙwashe itacen wuta zai gani. Ina ɗakin Rabi ina karɓar gaisuwa na ji wata tana yabon itacen gidan nan, wai ba hayaƙi, ga garwashi mai daɗewa. Kafin in fito rabinsa ya tafi, sauran yana ƙarƙashin tukwane. Na tsaya ina kallon yawon shekara biyu yana dafa shinkafa, na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Kawu ya zo, ya zauna a zaure har aka yi addu'ar uku. Na ga idonsa yana zuwa wajen rumfar yana dawowa. Na same shi a gefe na ce ya yi wa yaran magana tun yanzu, ya gaya musu alkawarin da ke tsakaninsa da ubansu, don na san halin 'ya'yan gidanmu. Ya ce, "A'a, 'yar Inna. Ba a zancen kaya a kan sabon kabari. Me za a ce da ni? A bari hawaye su bushe, in na yi girbi zan dawo." Na roƙe shi, ya ƙi. Shi a ganinsa mutunci yake kiyayewa, nasa da na marigayin, kuma ba zan ce ba shi da gaskiya ba. Amma kunyar nan ita ta ci jirgin.

Bayan arba'in aka zauna rabon gado. Ni ƙanwa ce, tun da akwai 'ya'ya maza ba ni da kaso, ba ni da wurin zama a zauren. Rabi tana takaba. Na aika a kira mini Sani, babban ɗan, na gaya masa katakon nan na mutanen ƙauye ne. Ya ce, "Gwaggo, ai mun sani." Malamin da ya yi rabon, Allah ya saka masa, bai ɓoye musu komai ba. Ya ce a shari'a kyautar da ba a miƙa ba har mai ita ya rasu ta koma hannun magada, amma babu abin da ya fi musu kyau irin su bar shi gaba ɗaya ya zama sadaka mai gudana ga mahaifinsu, in duk sun yarda. 'Ya'ya matan suka ce duk abin da yayyensu suka yanke. Saura Sani da ƙaninsa Nura, uwa ɗaya uba ɗaya, waɗanda tun kan wani shago suke 'yar tsama. Babu wanda ya ce ya ƙi. Sani ya ce in Nura ya bar nasa shi ma ya bari. Nura ya ce ai babba ke fara magana. Kowa na jiran ɗan'uwansa ya riga shi, don kada a ce an yi masa wayo, har aka tashi.

Gajerun katakon ba su ba da wahala ba, aka kasa su. Dogayen na ƙasa ne suka ƙi rabuwa. Aka ce a kira kafinta ya yi musu ƙima wani ya ɗauka, Nura ya ce duk kafintan da Sani zai kawo abokinsa ne, Sani ya ce haka ma na Nura. Sai wani daga cikin masu son a zauna lafiya ya kawo shawarar da kowa ya yaba: a gwada da igiya, a datsa, kowa ya ɗauki tsawonsa, namiji biyu mace ɗaya, ba cuta ba cutarwa. Da hantsi ina tsakar gidana na ji ƙarar inji ta bayan katanga. Na fita ko mayafi ban gyara ba. Na yi magana, na yi faɗa, har na ambaci sunan ubansu, suka sunkuyar da kai suna "Ki yi haƙuri, Gwaggo," injin kuma bai tsaya ba. An yi adalci ranar, ban musa ba. Kowa ya samu daidai haƙƙinsa, an kuma wayi gari babu jirgi.

Kawu ya cika maganarsa. Bayan girbi ya zo da mutum huɗu, sun ma yi magana da mai mota. Ni na raka shi bayan gida, don babu wanda ya iya. Rumfar tana nan, duwatsun suna jere. Ya duƙa ya ɗebi garin katakon da ya rage a ƙasa, ya murza a tafin hannunsa, ya ce, "Lalle ya bushe." Ya shiga ya gai da Rabi, ya sa wa yaran albarka, ya koma. Shekara biyu bayan nan shi ma ya bi Yaya, Bulus ya gaji mashigin da tsohon jirgin. Kason Sani ya zama ƙyauren shago, na Nura ya sayar wa mai yin bencina. Nakan wuce ta gaban shagon, kuma gaskiya ƙyauren ya yi kyau, ko kaɗan bai kandare ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Hanyar da aka bi aka kawo madacinsa yanzu motocin gawayi ne ke bin ta, buhu a kan buhu, kirya da madaci da duk abin da ya yi tsawon mutum. Dajin da ya yi ta yawo a ciki shi da mai babur, yau ba kowa ke iya shiga ya fito lafiya ba. A kasuwar katako abin da aka sare shekaranjiya shi ake sayarwa yau, in ka ɗora hannu sai ka ji danshi. Ka tambayi busasshe a dube ka kamar ka nemi nonon kaza. Ina jin da zai ce ai ga abin da yake gudu. Ni kuma da zan ce masa, da ka haɗa shi a rani na biyu lokacin da masu sana'ar suka ce ya yi, da babu igiyar da za ta auna shi, don ba a datsa jirgin da ke kan ruwa. Shi jinkiri ya yi wa yawa, 'ya'yansa gaggawa, mutanen ƙauye kuwa da ba su yi ko ɗaya ba su ne ke cikin ruwa.

Farkon bazarar nan Bulus ya zo ya same ni. Taubashina ne, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, amma ranar ko "'yar birni" da yake kira na bai ce ba. Ya ce tsohon jirgin ya tsage daga goshi, bara ma da addu'a aka ƙare damina. Mutanen gari sun yi karo-karo, sun samu wani kafinta, yana so in raka shi kasuwa in zaɓa musu katako, tun da ni kaɗai na rage da na san abin da Yaya ya sani. Muka zagaye kasuwar kaf. Babu madaci mai tsawo, busasshe ko ɗanye. Abin da aka samu farin katako ne mara nauyi, gajeru, sai an yi haɗi a ƙasa, kuma ruwa na cikinsa. Na ce masa in ma wannan ɗin ne a jera shi a inuwa ya yi ko rani ɗaya. Ya ce, "Asabe, ki je ki gaya wa kogi ya jira rani ɗaya." Ƙusar da ba ta tsatsa kuɗinsu bai kai ba. Na zaɓa musu wanda ya fi dama a cikin marasa dama, ina yi ina jin kamar Yaya na tsaye a bayana.

Cikin 'yan makonni aka gama. Da ruwa ya kawo suka aiko in zo a sa jirgi a ruwa da ni. Na je, aka ƙetarar da ni a tsohon, wanda aka ɗaure goshinsa da waya, aka ce daga ni ya yi sallama da aiki. A bakin gaɓa gari ya taru, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci, mata na guɗa. Sabon jirgin na tsaye an shafe shi da shuɗin fenti, kyakkyawa da shi. A gefensa, da manyan baƙaƙe farare, an rubuta MALAM HARUNA.

Na ja Bulus gefe na ce ya goge. Ya ce don girmamawa aka yi. Na ce na gode, amma mutumin da ya ƙi itace don ya ji amon kogo, ba za a liƙa sunansa a kan wannan ba. Sai ya rage murya ya gaya mini gaskiya. Ya ce tun da tsohon jirgin ya tsage mata suka daina yarda a ɗauki 'ya'yansu. Duk ƙauyukan da ke bin mashigin nan sun san labarin malamin Kontagora da ya shekara huɗu yana busar da katako, kuma da yawansu ba su san an datsa shi ba. Da suka ga sunan sai hankalinsu ya kwanta. "In na goge," in ji shi, "ba mai sa ɗansa a ciki. In ba su shiga ba, ba makaranta, ba asibiti. Ki zaɓa mini."

Ban zaɓa masa ba, amma ban yi shiru ba. Da aka ce 'yar'uwar marigayi ta yi magana, na tsaya na gaya musu da Hausar da kowa zai ji. Na ce wannan ba katakon Yaya ba ne, nasa an raba shi gado. Na ce ɗanye ne, da haɗi a ƙasansa, kada a cika masa kaya, da rani kada a bar shi a rana, a sake toshe shi da kwalta kafin kowace damina, kuma duk da haka ban ba shi shekaru da yawa ba. Guɗa ta tsaya. Bulus ya sunkuyar da kai. Can wata tsohuwa, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, ta ce, "Mun ji, 'yar Inna, Allah ya yi miki albarka. To, gobe kasuwar Salka, a me za mu je?" Ta ɗaga zaninta ta shiga, sauran suka bi ta, da yara da kaji da buhunan gyaɗa. Ni ma da na gama wa'azin sai da na shiga, don hanyar gida tana wancan ƙetaren. Sunan kuwa yana nan, ba a goge ba.

Tun da na dawo nake auna abin da Yaya ya bari. Bai bar jirgi ba. Ya bar yarda, irin wadda mutane ke yi wa wanda suka tabbata ba zai yi musu algus ba ko da ba sa kallo. Shekara bakwai bayan mutuwarsa, uwa takan ga sunansa ta miƙa jaririnta cikin jirgi ba ta waiwaya ba. Ban san wani abin da ɗan Adam zai bari da ya fi wannan ba, kuma shi ne abin da ke hana ni sukuni duk ranar da hadari ya haɗu ta yamma. Yardar tasa ce, katakon ba nasa ba ne.

Allah ya jiƙan Yaya Haruna, ya haskaka makwancinsa, ya ba shi ladan niyyarsa cikakke kamar ya gama. Allah ya jiƙan Inna, ya shiryi 'ya'yanmu, ya tsare duk mai bin mashigin nan da mai tuƙa su. Na rubuta wannan ne don in wata rana, Allah kada ya kawo ta, aka ji an ce jirgin Malam Haruna ya buɗe a tsakiyar kogi, a samu ko mutum ɗaya da zai tuna ya ce ba nasa ba ne. Nasa bai taɓa shiga ruwa ba.